Malaman Yoga: Mai Ciyar Da Malami Shi Ke Juya Karatu

A wannan mako filin zai leƙa ƙasar Indiya ne, domin duba rayuwar waɗansu malamai waɗanda sana'arsu ta tashi daga wani zaure guda a fadar wani sarki, har ta game duniya. Sana'ar kuwa ita ce koyar da yoga, watau irin motsa jikin nan da a ke yi ta hanyar miƙe gaɓoɓi, da lanƙwasa jiki, da tsara numfashi, da zama shiru domin tattara hankali wuri guda. Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ba zai rasa ganin wani tsoho ya harɗe ƙafafu ya rufe ido a gindin itace ba. To, wannan zama wani yanki ne na abin da a ke magana a kai.

Tushen yoga yana cikin addinin Hindu da sauran addinan ƙasar Indiya. Wani malami na zamanin da mai suna Patanjali ya kasa ta mataki 8, kuma sarrafa jiki, wanda su ke kira asana, shi ne mataki na 3 kurum. Amma yogar da ta cika biranen duniya yanzu, wadda a ke yi a kan 'yar shimfiɗar roba, yawancinta motsa jiki ce, kuma a ƙarni na 20 ta ɗauki wannan siffa. Idan aka bi salsalar mafi yawan masu koyar da ita, sai a tarar sun haɗu a wurin mutum ɗaya da almajiransa huɗu. Tarihin waɗannan mutane biyar yana nuna abu guda a fili, watau duk wanda ya ɗauki nauyin cin malami da shansa, to, shi ne ke juya irin karatun da malamin zai bayar, ko ya sani ko bai sani ba.

MALAMIN FADAR MAISUR

Sunan mutumin Tirumalai Krishnamacharya. An haife shi a shekarar 1888 a wani ƙauye da ke cikin jihar da yanzu a ke kira Karnataka, a kudancin Indiya, a gidan Barahmin, watau zuriyar malaman addinin Hindu. Ya yi zurfi cikin harshen Sanskirit da ilmin falsafa da magani, ya yi karatu a Maisur da Banaras da waɗansu garuruwa. Shi da kansa ya ce ya yi shekara bakwai da rabi a wurin wani malami a duwatsun Tibet yana koyon yoga, kuma da ya gama, malamin bai nemi kuɗi ba. Ladan da ya nema shi ne almajirin ya koma gida ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya koyar da yoga.

Wannan sharaɗi kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne a wancan zamani. Mai ilmi irin nasa yana iya samun kujera a babbar makaranta, amma masu wasa da jiki da sunan yoga, a idon masu hali na Indiya, ba su da bambanci da mabarata da 'yan dabo na bakin kasuwa. Ya yi aure a 1925, kuma da ya ke yoga ba ta kawo abin sawa a baki, sai ga babban malami ya zama helman ma'aikata a wani gandun kofi a yankin Hassan. A ranakun hutu ne ya ke zagaya garuruwa yana lacca yana nuna abin da jikinsa ke iya yi.

Ana nan sai labarinsa ya kai kunnen Maharaja Krishna Raja Wadiyar na 4, Sarkin Maisur, mutum mai son raya ilmin gargajiya da kuma ƙarfafa jikin matasa. Sarki ya ɗauke shi aiki, kuma a 1933 aka buɗe masa makarantar yoga a fadar Jaganmohan. A 1934 aka buga littafinsa mai suna Yoga Makaranda da kuɗin fada. Sarki ne ke biyan albashi, shi ne kuma ke aika malami da yaransa gari gari domin su yi nuni a gaban jama'a.

To, su wane ne almajiran? Yawancinsu yara ne maza, da yawansu 'ya'yan dangin sarauta, masu jini a jika. Saboda haka karatun ya zama mai zafi: a tashi daga wannan siffa a yi tsalle a faɗa waccan, numfashi yana tafiya tare da motsi, ba hutawa. Abin da zai burge 'yan kallo shi aka fi ba ƙarfi, domin nuni yana cikin aikin da aka ɗauki malamin ya yi. Masana biyu, Norman Sjoman a 1996 da Mark Singleton a 2010, sun kawo hujjoji cewa wasannin motsa jiki na 'yan kokawar Indiya da na Turawa, waɗanda a ke yi a wannan fada, sun shiga cikin wannan salon.

Amma inuwar sarauta ba ta dawwama. Sarki ya rasu a 1940, Indiya ta sami mulkin kai a 1947, ikon sarakuna ya koma hannun 'yan siyasa, kuma a 1950 aka rufe makarantar. Krishnamacharya yana da shekara sittin da 'yan kai, ga iyali, ga ba albashi. A 1952 ya koma Madaras, birnin da yanzu a ke kira Chennai. A can masu zuwa wurinsa manya ne, masu ciwon baya da ciwon asma da hawan jini, kowa da irin damuwarsa, kowa kuma daga aljihunsa ya ke biya. Sai ga malamin da aka sani da zafin rai da tsanani ya sauko, yana duba mutum ɗaya ɗaya, yana auna wa kowa abin da jikinsa zai iya ɗauka. Mutumin bai sake ba, ilminsa bai ragu ba, amma da mai biya ya sake, karatu ma ya sake.

YARON DA CIWO YA RENA

Cikin almajiransa babu wanda ya kai B. K. S. Iyengar suna. Ƙanen matar malamin ne, an haife shi a ƙauyen Bellur a 1918, lokacin annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane a duniya, shi ne na 11 cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya rasu yaron bai kai shekara goma ba. Zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka duk sun bi ta kansa. A 1934 mijin yayarsa ya kira shi Maisur, amma yawancin zamansa a can aikin gida ne. Daga baya Iyengar ya faɗa cewa kwanakin da malamin ya zauna ya koya masa sosai ba su wuce goma sha biyar ba, sai dai waɗannan kwanaki su ne suka tsara sauran rayuwarsa.

A 1937, yana ɗan shekara 18, aka tura shi Puna ya koyar. Turancinsa kaɗan ne, jikinsa siriri, waɗansu daga cikin ɗalibansa sun fi shi ƙarfi da ilmin boko, har suna yi masa dariya. Ya sha ba da labarin ranakun da ruwan famfo ne kaɗai ya shiga cikinsa. Da ya ke malaminsa yana nesa, sai ya mai da jikinsa littafi, yana shafe sa'o'i yana gwada kowace siffa, yana lura da inda kowace jijiya ta ke ja. Masu zuwa wurinsa kuwa akwai tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba za su iya abin da yaran fada ke yi ba, don haka ya shiga tallafa masu da bulo da igiya da ɗamara da kujera da bargo. Waɗannan kaya, waɗanda larura ta sa ya nemo, su ne yanzu a ke sayarwa a kantunan duniya.

Arzikinsa ya buɗe ne a 1952, sa'ad da ya gamu da Yehudi Menuhin a Bombai, wani mashahurin makaɗin goge irin na Turawa, wanda gajiya da taurin gaɓoɓi suka dama. Menuhin ya ji daɗin jikinsa, ya gayyace shi Suwizalan a 1954, ya kuma ba shi agogo da aka rubuta a bayansa cewa shi ne mafificin malamin gogen da ya samu. Ta hannun wannan ubangida ya shiga gidajen manyan Turai, har ya koya wa tsohuwar Sarauniyar Beljiyam, Elisabeth, tsayuwa a kan ka tana da shekara tamanin ko fiye. A 1966 littafinsa Light on Yoga ya fito, da siffofi wajen 200 da hotuna wajen 600.

A nan ma mai biya ya sa hannu. A ƙarshen shekarun 1960 hukumar ilmi ta tsakiyar birnin Landan ta yarda a koyar da yoga a azuzuwan yamma na manya, amma bisa sharaɗin a tsaya ga motsa jiki, ban da wa'azin addini. Salon Iyengar ne ya dace da wannan sharaɗi, kuma ta wannan ƙofa dubban matan aure na Ingila suka shiga. A 1975 ya buɗe cibiyarsa a Puna da sunan matarsa Ramamani, wadda ta rasu a 1973. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambobin girma a 1991 da 2002 da 2014, kuma a watan Agusta na 2014 ya rasu yana da shekara 95.

BATURIYAR DA AKA ƘI KARƁA

Ta biyu mace ce, kuma ba Ba'indiya ba. An haifi Eugenie Peterson a birnin Riga a 1899, lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha. Ta isa Indiya a 1927, ta yi wasa a fim, ta ɗauki sunan Indra Devi, ta auri wani ma'aikacin ofishin jakadancin Chekoslobakiya. Da ta nemi Krishnamacharya ya koya mata a ƙarshen shekarun 1930, sai ya ƙi, domin makarantarsa ta maza ce, ita kuma baƙuwa. Sai da Sarki ya sa baki sa'an nan ya karɓe ta. Watau ko wanda zai zama almajiri ma, mai biyan albashi ne ya zaɓa.

Ta jure dokokin abinci da na barci da ya gindaya mata, har ya yarda da ita, ya ce ta je ta koyar. Ta fara a Shanghai, inda aka tura mijinta aiki. Bayan rasuwarsa ta tafi Amurka a 1947, ta buɗe makaranta a Hollywood, unguwar masu yin fim. Ɗalibanta mata ne masu kuɗi, irin su 'yar wasan nan Gloria Swanson, kuma abin da su ke nema shi ne hutawa da kyan jiki da jinkirta tsufa. Abin da ta ba su ke nan. Ko sunan littafinta na 1953, Forever Young, Forever Healthy, alkawarin ƙuruciya da lafiya ne. Ta ziyarci Tarayyar Sobiyat a 1960, ta zauna a Meksiko, ta koma Ajantina a 1985, ta rasu a Buenos Aires a 2002 tana da shekara 102. Sana'ar da aka ce ba ta mata ba ce, yau mata ne suka fi yawa a cikinta a ƙasashen Turai da Amurka, masu koyo da masu koyarwa.

MAI JIRAN BAƘI A MAISUR

Na uku shi ne K. Pattabhi Jois, haifaffen 1915. Yana ɗan shekara 12 ya ga nunin Krishnamacharya a Hassan, ya bi shi. A 1930 ya gudu daga gida zuwa Maisur da rupi 2 a aljihu. Shi ne ya riƙe salon yaran fada mai tsalle da gumi, wanda aka sani da Ashtanga. Daga 1937 zuwa 1973 yana koyarwa a Kwalejin Sanskirit ta Maisur a kan ɗan albashi, kuma a 1948 ya buɗe makaranta a wani ƙaramin ɗaki a gidansa. Shekara da shekaru duniya ba ta san da shi ba.

A 1964 wani ɗan Beljiyam, André Van Lysebeth, ya yi wata biyu a wurinsa, ya koma gida ya rubuta littafi, ya sa sunan Jois da adireshinsa a ciki. Wannan adireshi ne ya jawo samarin Turai da Amurka, masu ƙarfi, masu neman abin da zai gwada su. A 1975 suka kai shi Kalifoniya. Kafin rasuwarsa a 2009, ɗaruruwan baƙi ne ke sauka Maisur suna biyan kuɗin wata da ya fi ƙarfin yawancin 'yan garin.

Sai dai ɗaukaka ta zo da tata cutar. Daga 2017 waɗansu mata da suka yi karatu a wurinsa suka fito fili suka ce ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba, da sunan gyara masu tsayuwa, kuma mutane da yawa suna gani suna shiru. A 2019 jikansa Sharath, wanda ya gaji makarantar, ya amsa cewa ya ga irin wannan, ya nuna baƙin cikinsa. Abin lura a nan shi ne, a fada akwai Sarki a sama da malami, a kwaleji akwai hukuma. Amma da malami ya zama shi ne mai makaranta, shi ne mai ba da izinin koyarwa, kuma abincin almajiransa ya rataya a kan sunansa, to, wa zai tsawata masa?

ƊAN DA YA AJIYE AIKIN INJINIYA

Na huɗu ɗan malamin ne na cikinsa, T. K. V. Desikachar, haifaffen 1938. Ya ga wahalar da mahaifinsa ya sha, ya karanta aikin injiniyan gine-gine, ya juya wa yoga baya. Amma a farkon shekarun 1960, da ya ga yadda marasa lafiya ke samun sauƙi a hannun tsohon, sai ya ajiye aikinsa ya durƙusa gabansa, kuma bai tashi ba sai bayan kusan shekara talatin. Abin da ya gada shi ne karatun Madaras, na mutum ɗaya ɗaya, ba na fada ba. A 1976 ya kafa cibiya a Madaras da sunan mahaifinsa, ya rasu a 2016. Wanda ya kalli ajin Jois ya kuma kalli na Desikachar ba zai yarda malaminsu ɗaya ba ne, alhali kuwa kowannensu gaskiya ya faɗa da ya ce haka aka koya masa.

ZAMANIN TAKARDAR SHAIDA

Yanzu ba sarki, ba makaɗin goge. Ubangidan malamin yoga shi ne kasuwa. A 1999 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna Yoga Alliance, wadda ke rajistar malamai, kuma matakinta na farko horon sa'a 200 ne. In mutum zai yi sa'a 8 kowace rana, kwana 25 ya isa. A garin Rishikesh da ke gindin duwatsun Himalaya makarantu barkatai ne ke ba da irin wannan takarda cikin wata guda. Lalle wannan ya buɗe ƙofa ga waɗanda da ba su da hanyar shiga, amma ya sa malamai sun yi yawa. Da dama daga cikinsu gwargwadon aji ko yawan kawuna a ke biyansu, ba fansho, ba albashin ranar ciwo, suna gudu daga wannan zaure zuwa wancan. Makarantu da yawa kuwa daga horar da sababbin malamai su ke samun riba, watau suna ƙara yawan masu rabon abincin da bai isa ba. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe zauruka, har babban kamfanin nan na Amurka, YogaWorks, ya kai kansa kotu a kan karayar arziki.

Akwai ma wanda ya so ya mai da karatun mallakarsa. Bikram Choudhury, haifaffen Kalkata, ya tara dukiya a Amurka da siffofi 26 da a ke yi a ɗaki mai zafi, ya ce babu mai ikon koyar da jerin sai da izininsa. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce jerin motsa jiki ba abin mallaka ba ne. A 2016 wata kotu a Los Anjalis ta ci shi tarar miliyoyin daloli a ƙarar da tsohuwar lauyarsa ta kai a kan cin zarafi, ya bar ƙasar.

Gwamnatoci ma sun shigo. A 2014 Indiya ta kafa ma'aikata mai kula da yoga da magungunan gargajiya, kuma a watan Disamba na shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 21 ga Yuni ta zama ranar yoga. A ƙasashen Musulmi kuwa, tambayar ita ce ko motsa jiki ce ko ibada. Majalisar fatawa ta Malesiya a 2008, da majalisar malamai ta Indunusiya a 2009, sun hana Musulmi yogar da ta ƙunshi karanta addu'o'in Hindu. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki, bayan ƙoƙarin wata malama mai suna Nouf Marwaai. A kowane wuri, malamin da ke son aiki sai ya auna abin da mutanen wurin za su karɓa.

Krishnamacharya ya rasu a Madaras ranar 28 ga Fabrairu, 1989, yana da shekara 100, bai taɓa ƙetare teku ba, bai kuma tara abin duniya ba. Ya shuka, waɗansu suka girbe. Neman abinci da ilmi ba abin kunya ba ne, kuma da malaman nan ba su bi bukatar masu biyansu ba, da karatunsu ya mutu ranar da aka rufe zauren fadar Jaganmohan. Amma mai neman malami, ko na yoga ko na wata sana'a daban, yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya miƙa jikinsa da kuɗinsa: a wurin wa ya yi karatu, shekara nawa ya yi, wa ke ciyar da shi, kuma in ya kauce hanya, wa ke da ikon ce masa ya bari.